Tambaya da Amsa: Wane Faranti Ya Dace da Babbar Liyafa?

Tambaya: Assalamu alaikum. A gidana dangi suke haɗuwa cin abinci duk ranar babban biki, kuma bana ina sa ran mutum 40. Bara sai da dare ya raba ina tsaye a wurin wanke-wanke, har baƙi suka watse ban zauna da kowa ba. Shin in sayi farantan da ake yarwa bayan an ci, ko kuwa hakan rashin karrama baƙo ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Babu laifi a cikin neman sauƙi, kuma abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne yadda aka bar miki aikin mutum biyar ke kaɗai. Duk da haka, shawarata ita ce ki zuba babban abinci a faranti na tangaran ko na silba, ki bar na yarwa ga busassun kayan ci da kuma ƙananan yara.

Dalili na farko shi ne zafi da maiƙo. Farantin takarda yana jiƙa idan romo ya daɗe a kansa, sai ki ga baƙo ya tallafe shi da hannu biyu, gefensa ya lanƙwashe, romon yana gangarowa kan sababbin tufafinsa. Farin farantin nan mai kama da kumfa kuwa, wanda ake yi da sinadarin folistarin, yana fara laushi idan zafi ya kusa digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, kuma abincin da aka tsamo daga tafasasshen mai ya wuce haka, shi ya sa yake barin tabon narkewa a jikin farantin.

Sai batun shara, wadda ba ta ƙarewa da ɗaure bakin leda. Yawancin farantan takarda an shafe su da siririyar roba don kada su yi yoyo, kuma da zarar maiƙo ya taɓa su, da wuya masu sake sarrafa takarda su karɓa. Tun daga 3 ga Yulin 2021 Tarayyar Turai ta hana sayar da farantai da cokulan roba na amfani sau ɗaya, Ingila kuma ta bi sahu a watan Oktoban 2023. Idan ya zama dole ki saya, ki nemi waɗanda ake yi da tuƙar rake, domin sun fi jure zafi.

Game da wanke-wanken, ba sai kin sayi farantai 40 ba, kina iya aro daga 'yan'uwa ko ki ɗauko haya, ki manna ƙaramar alama a gindin kowanne don kada su cakuɗe. Kafin a zauna cin abinci, ki tanadi baho biyu, ɗaya da ruwan ɗumi da sabulu, ɗaya na ɗauraya, duk wanda ya gama ya kwashe sauran abincinsa ya tsoma farantin, saboda wanda aka jiƙa nan take soso ɗaya ya ishe shi, alhali wanda ya bushe sai an kankare. Tun lokacin da kike gayyata ki ambaci sunayen matasa huɗu, maza da mata, ki sanar da su cewa wannan aikin nasu ne, ke kuma ki zauna cikin baƙinki.