Wai komai ne gwamnati za ta ɓoye da sunan tsaro?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah kullum ina jin masu fafutuka suna cewa gwamnati ta fito da komai fili a daina ɓoye-ɓoye, to ni dai a ganina ai akwai abin da in aka faɗa maƙiya ne za su amfana, anya ba kanmu za mu jefa cikin haɗari ba kuwa? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, maganarki akwai gaskiya a ciki, babu mai hankalin da zai ce a buga inda sojoji za su kai samame gobe ko sunayen masu kawo bayanan sirri, kuma dokokin neman bayanai, wato masu ba ɗan ƙasa damar neman takardun gwamnati, da kansu sun ware irin waɗannan. Abin da ke damuna shi ne wa ke yanke hukuncin cewa abu sirri ne, don yawanci wanda takardar za ta tona wa asiri shi ne mai buga mata hatimi.

Ki duba abin da ya faru a Amurka, a 1948 jirgin soja ya faɗi ya kashe mutane har da injiniyoyi farar hula, matansu uku suka kai ƙara suka nemi rahoton hatsarin, gwamnati ta ce sam akwai sirrin tsaro a ciki, kotun ƙoli ma a 1953 ta goyi bayanta ba tare da alƙalan sun karanta takardar ba. Sai a shekara ta 2000 'yar ɗaya daga cikin mamatan ta samu rahoton bayan an cire masa hatimin sirri, ta ga babu bayanin na'urorin sirrin da aka fake da su, sakaci ne wajen kula da jirgin a rubuce ƙarara. Wallahi wannan labarin yana taɓa min zuciya, shekara hamsin da 'yan kai ana rufe wa iyalai gaskiyar mutuwar mazajensu da iyayensu.

Kuma fa yawancin abin da mutane ke nema ko kusa da tsaro bai je ba, nawa aka ware wa aikin hanya, wa aka ba kwangila, an biya ko ba a biya ba. A jihar Rajastan ta Indiya cikin shekarun 1990 talakawan ƙauye ne suka dage sai an ba su rajistar biyan leburori, aka riƙa karantawa da ƙarfi a bainar jama'a sai ga sunayen matattu wai sun yi aiki sun karɓi kuɗi, wannan gwagwarmayar na cikin abin da ya haifar da dokar neman bayanai ta ƙasar Indiya ta 2005.

Abin ba sabo ba ne, Suwidin tun 1766 take da irin dokar, Amurka 1966, Najeriya kuma 2011 inda aka ba hukuma kwana 7 ta amsa. Amma doka a takarda daban, aiki da ita daban, sau da yawa ka rubuta a yi maka shiru ko a ce fayil ya ɓata.

To ni abin da nake goyon baya shi ne duk sirri ya zama da dalili a rubuce, da wa'adin da zai ƙare, da alƙali ko kwamitin majalisa da zai buɗe takardar ya gani da idonsa. In za ki gwada, ki rubuta takamaiman takardar da kike so da shekararta, ki sa a buga miki hatimin karɓa a kwafinki, in wa'adi ya wuce shiru wannan kwafin za ki kai kotu.