Zuwa Dubai karon farko: in yi hayar mota ko in bi jirgin ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan je Dubai saro kaya, mako guda zan yi, kuma ban taɓa zuwa ba. Ƙanina ya ce in ɗauki hayar mota tun daga filin jirgi. Haka ya fi, ko in riƙa hawa tasi?
Daga wata 'yar kasuwa a Kantin Kwari, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki gode wa ƙanin naki, amma zancen hayar mota ki ajiye shi gefe. Inda za ki fi wuni, wato Deira, unguwar tsofaffin kasuwanni, lunguna ne masu cunkoso, wurin ajiye mota na kuɗi ne, kuma samunsa aiki. Ga kyamarori a kan titi, ga kuɗin hanya, wato Salik, da ake cira in mota ta wuce ƙarƙashin ƙofarsa. Sai kin dawo gida kamfanin hayar ya biyo ki da lissafi.

Ki fara da masauki. In kika sauka kusa da Naif ko Baniyas Square a cikin Deira, rabin zirga-zirgarki da ƙafa za ki yi. Sauran kuma jirgin ƙasa na cikin gari, metro, ya ishe ki. Tun 2009 yake aiki, ba shi da direba, layi biyu ne, ja da kore, suna haɗuwa a tashar Union da ta BurJuman. Jan ne ke bi ta filin jirgi, Terminal 1 da 3, koren kuma ya kai ki Al Ras, bakin kasuwar zinare. Ki sayi katin Nol mai ruwan azurfa a tasha ki zuba masa kuɗi, da shi za ki hau bas ma. Akwai tarago na mata da yara zalla, an ja masa layi ruwan hoda a ƙasa. Amma kada ki ci ko ki sha komai a ciki, ko cingam ne, tarar dirhami 100 ce. Masu goro a baki su ji da kyau.

Abin da na fi so shi ne abra, kwalekwalen katako mai inji da ke tsallaka ruwa tsakanin Deira da Bur Dubai. Dirhami 1 kacal. Za ki zauna a kan benci, matuƙin ya bi yana karɓar sulalla, kafin ki gama gyara mayafi an kai ki kasuwar yadi.

Tasi ki bar ta sai ranar da kaya suka yi yawa, ko in za ki babbar kasuwar Dragon Mart, don jirgin bai kai can ba. Dukkansu da mita suke aiki, babu ciniki. Masu rufi ruwan hoda mata ne ke tuƙa su.

Tambaya: Malam, na ga otal a Sharjah, garin da ke maƙwabtaka da Dubai, ya fi araha. In kwana can in riƙa shigowa Dubai? A watan Yuli zan je.
Daga wani matashi a Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, araha ba ta ado. Metro ba ya shiga Sharjah, hanyar kuma safe da yamma cushewa take da ma'aikata. Tasin da ta tsallaka iyaka tana ƙara dirhami 20 a kan mita. Ka lissafa zuwa da dawowa na kwanakinka, ka haɗa da kuɗin ɗakin, sannan ka gwada da na Deira.

Batun Yuli kuwa, kada ka ce ai ka saba da zafin Maraɗi. Can zafi ya kan haura digiri 40, ga gumi mai danƙo daga teku, tafiyar minti goma sai riga ta jiƙe. Ka fita da sassafe, ka koma bayan la'asar, shagunan Deira suna kaiwa dare. Kuma komai zafin rana ka nemi wurin da aka ware don tsallaka titi, yanke hanya tarar dirhami 400 ce.