Tambaya da Amsa: Yawon Yini Ɗaya a Bas Cikin Tsaunuka da Tafkunan Sikotlan

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Edinburgh. Mahaifina zai kawo mini ziyara, ina so in kai shi yawon nan na yini ɗaya a bas zuwa Glencoe da tafkin Loch Ness. Dattijo zai iya kuwa? Me za mu gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kawo Baba lafiya. Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne, mafi yawan yawon nan zaman mota ne. Ana tashi wajen takwas na safe a dawo wajen takwas na dare ko ma fiye, tafiyar kuma ta haura kilomita 500. Lokacin da ƙafarku za ta taɓa ƙasa da kyar ya kai kashi ɗaya cikin uku na yinin.

Galibi ana fita ta gefen Stirling, ku hango fadar garin a kan dutse, a yada zango na farko a Callander ko kusa da nan don shan shayi da kama ruwa. Daga Tyndrum sai hanyar A82 ta haura Rannoch Moor, fili fetal mai fadama da ƙananan tafkuna, ba gida ba inuwa. Sai a gangara kwarin Glencoe, inda duwatsu uku da ake kira Three Sisters suka miƙe a jere, ruwa na zubowa ta tsagoginsu kamar farin zare. Nan ne zuciyar tafiyar, amma tsayawar ba ta cika wuce kwata ba. A nan direba, wanda sau da yawa shi ne ɗan jagora, zai ba ku labarin 13 ga Fabrairu 1692, ranar da sojojin gwamnati suka karkashe mutanen zuriyar MacDonald bayan sun kwana kusan mako biyu a gidajensu a matsayin baƙi.

Bayan Fort William za a nuna muku Ben Nevis, mai tsawon mita 1,345, wanda ya fi kowane tsauni a Birtaniya. Kada ku sa rai da yawa, galibi gajimare ya rufe kansa. Babban zango shi ne Fort Augustus a bakin Loch Ness, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Akwai ƙofofin ruwa biyar na mashigin Caledonian Canal, aikin Thomas Telford da aka buɗe a 1822, inda ake ɗaga jirage hawa-hawa. Komawa ta A9 ce, a ɗan tsaya a Pitlochry.

In an bi wannan tsarin, ku zauna ta hagu, ta nan ne za ku ga duwatsun Glencoe. Loch Ness kuwa ta dama yake. Wasu kamfanoni suna juya hanyar, sai ka tambayi direba kafin ku zauna. Idan Baba na fama da ciwon baya ko gwiwa, ko yana yawan fita fitsari, ka sake shawara. Ƙananan motoci masu kujera 16 yawanci ba su da banɗaki, tsakanin zango da zango kuma kan kai awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Yawon Loch Lomond da Trossachs da Stirling ya fi masa sauƙi: akwai tsauni, akwai tafki, zaman mota kuma bai kai na wancan ba.

Tambaya: Ni uwa ce, ina da yara biyu, za mu je a watan Yuli. Wane kaya zan haɗa? Babbar 'yar, mota na juya mata ciki.

Amsa: Hajiya, ki fara duba shekarun ƙaramin, don wasu kamfanoni ba sa ɗaukar yaron da bai kai shekara biyar ba, kuma ba a roƙo a bakin mota. Sai sutura. Yuli bazara ce a can, amma yammacin ƙasar ruwa ba ya jin kunyar kowane wata. Ki sa musu kaya hawa uku: ƙaramar riga, suwaita, sai rigar ruwa mai hula. Lema ba ta aiki a Glencoe, iska ce ke juya ta. Takalmi rufaffe mai kama ƙasa, da safa ta canji a jaka.

Mai amai ki nema mata kujerar gaba, ku isa da wuri don ba kasafai ake raba lambar kujera ba. Ta riƙa kallon hanya can nesa, ta ajiye waya. Maganin amai na tafiya ana shan sa ne kafin a tashi gwargwadon yadda aka rubuta a kwalin, in ciki ya riga ya juya ya makara. Lanƙwashe-lanƙwashen A82 ne suka fi tayar da shi. Ɗaura bel kuma doka ce.

Akwai kuma wasu ƙananan ƙwari masu cizo da ake kira midges, ba su kai sauro girma ba amma gungu suke zuwa, daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba. Sun fi fitowa inda iska ta kwanta, ga laima, musamman safe da yamma. Ki sayi maganin shafawa a kemis. Yara kuma kada su shiga dogayen ciyayi da gajeren wando saboda kaska, tana iya ɗauke da cutar Lyme. Shanun yankin masu doguwar geza da ta rufe ido suna da ban sha'awa, amma a tsaya bayan shinge, balle in saniya na da maraƙi.

Tambaya: Malam, yaya batun salla da abinci?

Amsa: Lokacin shekara ne ke yanke hukunci. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, azahar za ta same ka a Fort Augustus, magariba kuwa a masauki. A Disamba kafin huɗu ta faɗi, ke nan azahar da la'asar da magariba duk a hanya, komawar kuma cikin duhu ne, ba abin da za ka gani. Kafin ranar ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salla. Alƙibla tana kudu maso gabas. Ka riƙe gorar ruwa da dardumar aljihu mai leda a ƙasa, don ciyawa a jiƙe take.

Abinci, guzurinka ya fi. In za ka saya, miyar Cullen skink kifi ce da dankali da madara. Kifi da soyayyen dankali ka tambaya ko an sa giya a ƙullun da kuma irin man da aka soya. Black pudding jini ne. Wasu tafiye-tafiyen suna tsayawa a masana'antar wuski, ka karanta jadawalin kafin ka biya.

Tambaya: Da gaske akwai dodo a Loch Ness? Jirgin ruwan ya cancanci kuɗinsa?

Amsa: Shahararren hoton dodon na 1934 an bayyana a 1994 cewa haɗi ne. Tafkin dai abin kallo ne: tsawon kusan kilomita 37, zurfin mita 230, ruwan baƙi kamar shayi saboda ruɓaɓɓen tsiro da ke gangarowa cikinsa. Kuɗin jirgin yawanci daban ne, yawon kuma kan cinye kusan awa guda, wato kusan dukan zangon, don haka ka ci abinci a mota ko ka riƙe shi a hannu. In direba ya ce ƙarfe biyu da kwata, ka dawo kafin nan. Doka ta ƙayyade masa awannin tuƙi, dole ya huta minti 45 bayan awa huɗu da rabi, kuma yana iya tafiya ya bar wanda ya makara. Kati na aiki kusan ko'ina. Takardun fam na bankunan Sikotlan da za a ba ka canji ka kashe su kafin ka bar Birtaniya, don masu canji a waje sukan ƙi karɓa.