Amsa ga mai tambaya kan farce da baƙin wuya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce faratanki sun yi fale-fale suna karyewa, tsakiyarsu ta lotsa, ga kasala, kuma tun bayan haihuwarki ta huɗu bayan wuyanki ya yi baƙi, kina dirza da soso ba ya fita. Na ga wasu sun ce miki omo ne, wasu sun ce ki nemi mai. Ni ungozoma ce, awon ciki na yi a nan Damagaram har na yi ritaya, kuma shawarata ita ce a auna jininki kafin ki sayi komai.

Farcen da ya lotsa har ɗigon ruwa zai iya zama a kansa, galibi ƙarancin jini yake nunawa, irin wanda rashin sinadarin ƙarfe ke kawowa. Ki tsaya gaban madubi da rana, ki ja fatar idonki ta ƙasa. In cikin ya yi fari fat maimakon ja, ga shaida ta biyu. Ki duba harshe ma. Tafin hannu da farce kam, mu matan nan lalle ya rufe su, shi ya sa a wurin awo ido muke fara buɗewa. Kina haki in kin ɗan yi tafiya? Kina marmarin farar ƙasa ko ƙanƙara? Jinin al'ada yana yawa? Duk ki faɗa wa likita. Macen da ba ta da ciki, in awon jininta ya gaza gram 12 ya yi ƙasa. Mai ciki kuwa 11 ne ma'auni. Haihuwa kusa-kusa, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki su ne suka fi cinye mana jini.

In an ba ki ƙwayar ƙarin jini, bayan gida zai yi baƙi, wani lokaci ciki ya ɗaure. Nan mata da yawa suke tsorata su ajiye, alhali akan sha ta wajen wata 3. Kada ki kora ta da shayi, domin shayi yana hana jiki tsotse ƙarfen. Ko bayan cin abinci ki bari awa guda ta wuce kafin ki sha shayi. Hanta, wake da zogale da ɗan lemun tsami suna taimakawa. Farcen kuma ba zai gyaru nan take ba, kusan milimita 3 yake tsirowa a wata, sai wajen wata 6 sabo zai maye tsohon.

Maganar wuya ta fi damuna. Ciki yakan sa fata ta yi duhu, amma yana washewa bayan haihuwa. Wanda ya zauna, ya yi kauri da laushi kamar karammiski, har a hammata, ba dauɗa ba ne, sau da yawa yana zuwa da ƙiba, kuma yana riga ciwon suga bayyana. Ki je awon suga da safe ba ki ci komai ba. In ya kai gram 1,26 a lita a awo biyu, ciwon ne. Don Allah kada ki sayi man bilicin a Kasuwar Dole ki ce za ki goge shi. Da yawansu akwai kortizon a ciki, yana sirantar da fata, ya kawo nankarwa da ƙuraje, in an daɗe ana shafawa har sugan yana iya tayarwa.

Tunda ƴan uwa da yawa suna karantawa, in ƙara biyu. Farin ido ya koma rawaya, shawara ce, kuma tana iya fitowa daga ciwon hanta, zazzaɓi ko amosanin jini. A auna kafin a hau jiƙo. Sannan tabo mai haske a fata wanda in an taɓa shi da auduga ba a ji, a kai shi likita da wuri. Kyasfi yana da ɗan gari-gari kuma ana jin taɓi, wanda ba a jin taɓinsa kuwa yana iya zama kuturta. Mutanenmu suna ɓoyewa saboda tuna yadda aka ware kutare a unguwar Kara-Kara ta nan Damagaram, amma yau maganin kyauta ne, wata 6 ko 12, kuma wanda ya fara da wuri yatsunsa ba sa lalacewa.

Ɗigon fari-fari a farce kuwa bugewa ce kawai, yana fita da kansa.

Ranar da za ki je, ki tafi da duk man da kike shafawa da maganin da kike sha, su gani da idonsu. Allah ya ba ki lafiya, ya raya yaran.