Ga Alhajin da ke tambayar ko zane zai yiwu bayan ritaya

Assalamu alaikum. Alhaji, tun shekaranjiya na ga tambayarka. Ka ce saura wata biyar ka ajiye aiki, kana marmarin komawa zanen da ka bari tun firamare, amma kana ganin hannu ya tsufa, kuma ba ka san abin da mutum zai zana a Legas ba in ban da siminti da danfo. Na jira matasa su amsa, sai na ga kowa ya tsaya a "Allah ya sa alheri". Bari tsoho ya sa baki.

Ni ma'aikacin jirgin ƙasa ne, na cika shekara 35 na sauka, ina zaune a Agege. Watannin farko ba abin da nake yi sai zaman majalisa da shan shayi, har uwargida ta fara tambayata ko ba ni da wurin zuwa. Fentin ruwa na jikata na ɗauka ranar farko, irin na 'yan makaranta. Maganar tsufan hannu ka ajiye ta gefe. Nawa yana ɗan rawa, kuma rawar tana yi mini amfani wajen ganyen itace.

Na san abin da ke ranka ko da ba ka rubuta ba, wato hukuncin zane. Kafin in sayi burushi sai da na je wurin malaminmu. Ya karanto mini hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim, inda ya ce wa mai sana'ar yin surori in dai ba makawa sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. A nan na tsaya: ruwa, dutse, sama, itace, kwalekwale. Kai ma ka tambayi naka malamin.

Yanzu ga kuskurena, don kada ka maimaita. Shekara biyu cur ina zana Arewa daga ka. Ina da hujja, don na yi ta bin layin dogo daga tashar Iddo ta Legas zuwa Kano, fiye da kilomita 1,100, na ga kogin Kwara a gadar Jebba ba adadi, na ga dutsen Kufena idan an doshi Zariya. Na ɗauka duk suna nan a idona. Ashe abin da ya rage a kai ɗan kaɗan ne. Kowane zane sai ya fito iri ɗaya: kuka a hagu, bukka a dama, rana ja kamar ta kalanda. Abokai suna yabawa saboda kewar gida, ni kuwa na san ba na gaba.

Wata safiya a cikin hunturu na bi gadar Third Mainland a mota, aka samu cunkoso daidai saitin Makoko, unguwar masunta da ke kan ruwa. Hazo ya sauko, hayaƙin masu banda kifi ya haɗu da shi, gidajen da ke kan turaku suka zama kamar inuwa. Na duba ruwan da kyau, karon farko a shekara talatin da wani abu ina ƙetare shi. Babu shuɗi ko ɗigo. Toka-toka ne, wani wuri ya yi ruwan ƙasa, inda rana ta taɓa ya yi fari kamar kwanon silba. Da na koma gida na kwaɓa shuɗi da ruwan ƙasa da fari kaɗan, sai ga ruwan Legas a kan kwali. Tun ranar na daina zana abin da ban zauna a gabansa ba.

Hasken nan daban yake da na gida. A Kano rana tana yanka inuwa kamar da wuƙa. A nan laima ta cika iska, komai gefensa a dushe yake, abin da ke nesa yana narkewa cikin sama. In ka zo da launukan Arewa masu kaifi, zanen zai ƙaryata ka.

Wuraren zuwa kuwa ba sa ƙarewa. Badagry akwai kwakwa jere a bakin ruwa. Epe akwai masunta da kwalekwalensu, kuma idan damina ta ja baya kainuwar nan mai shuɗin fure takan rufe ruwa, kore shar har iyakar gani. Gandun Lekki da aka kafa a 1990 akwai fadama da gadar katako, sai dai birai za su sace maka abinci. Ka leƙa gidan zane na Nike a Lekki ka ga aikin manya, ka kuma nemi zanen Abiodun Olaku, ka ga yadda yake kama hasken magariba a kan ruwa. Ni dai na fi ƙaruwa da shi fiye da littattafan Turawa da ɗana ya sayo mini.

Kayan aiki kada ka zuba kuɗin giratuti a kansu. Launi biyar sun isa: fari, shuɗi, ja, rawaya, ruwan ƙasa. Burushi uku. Ka fara da fentin akirilik, wanda ake kwaɓawa da ruwa, don yana bushewa cikin mintoci, fentin mai kuwa a daminar Legas sai ya kwana nawa yana danƙo. Wajen Yaba, kusa da kwalejin fasaha, ana samun komai, ɗalibai ma za su nuna maka mai araha. Ni falankin kafinta nake sa a yanka mini, in shafe shi da farin fentin gida da aka gauraya da gam. Kuma kada ka jingina zane da bango ko ka tura shi ƙarƙashin gado. Guda goma sha ɗaya fumfuna ta cinye mini a damina ɗaya, har da na Jebba da na fi so.

Batun sayarwa da ka tambaya, na sayar da huɗu, kuɗin bai biya motar Epe ba.

Ranar Asabar nakan fita bayan sallar asuba, don in ƙarfe tara ta wuce hasken ya baje. In kana so ka biyo ni, ka taho da 'yar kujera da malafa, da canji a aljihu saboda samarin bakin ruwa, don sai sun zo sun ce wurin nasu ne.