Amsa: Me gwamnati ta taɓa yi kan wariyar ƙabila a Nijar?

Malam, ka tambaya ko hukuma ta taɓa yin wani abu a kan fifita wata ƙabila bisa wata. Ta yi, amma sai bayan jini ya zuba.

Mu 'yan jihar Maradi ba mu manta da ƙauyen Toda ba. A 1991 aka kashe Fulani makiyaya fiye da 100 a can, har da mata da yara, kan rigimar gona da dabbobi. Bayan haka aka fito da dokar karkara a 1993, mai tsara amfani da filayen noma da na kiwo, aka kafa kwamitocin filaye, sannan a 2010 aka ƙara wata doka ta musamman kan kiwo. A arewa ma, sulhun 24 ga Afrilun 1995 da 'yan tawayen Abzinawa ya buɗe musu ƙofar aikin soja da na gwamnati.

Sai dai takarda ba ta tsare burtali. Bara na ga turakun siminti da aka kafa don shata hanyar shanu, gero ya tsiro har bayansu. Wani dattijo Bafulatani ya tsaya da sandarsa, ya rasa inda zai bi da garkensa. Da ya kai ƙara, shi aka ci tara. Wallahi har yau abin yana ci mini rai.