Amsa ga 'yar uwar da ƙwayoyin cakulan ɗinta suka ɓace a cikin kukis

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tun jiya na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce kin haɗa garin koko na cakulan da man kwakwa da zuma, kin ɗiɗɗiga a faranti kin sa a firiza, suka daskare gwanin sha'awa, amma kina fito da su suka fara narkewa a hannu, da kika gasa kukis kuwa ba ki ga ko ɗaya ba sai tabon maiƙo. Kina tambaya ko ƙara garin koko zai gyara. Ba zai gyara ba. Ni ma da wannan haɗin na fara, sai da na yi asarar kaya har sau uku kafin na gane ba hannuna ne da laifi ba.

Laifin na man kwakwa ne. Da zafi ya kai digiri 24 ya zama ruwa, ke nan ko a kan tebur kika ajiye shi ba zai tsaya ba, balle a obin. Man da ake yin cakulan na gaske da shi man koko ne, wanda ake matsowa daga 'ya'yan kokon kansu. Shi yana nan da ƙarfinsa har wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, shi ya sa cakulan yake da tauri a faranti amma yana shiga baki ya narke. Idan za ki saya ki tabbatar na ci ne. Akwai na shafawa a jiki da ake gauraya wa turare da wasu mayuka, wannan ko kusa da tukunya kada ya zo.

Sai zuma. Kusan kashi 17 cikin 100 nata ruwa ne, cakulan da ruwa kuwa ba sa ga maciji. Ɗigo kaɗan ya isa ya sa sukari da garin koko su manne da juna, haɗin da yake zuba sumul ya cure ya koma dunƙule. Ni tururin tukunya ne kawai ya taɓa ɓata mini kwano guda, ina juyawa ina kallo yana ƙanƙancewa. Don haka kwano, cokali, leda, hannu, komai ya bushe ƙayau. Idan mai madara kike so, madarar gari za ki sa, ban da ta ruwa. Banila ta ruwa ma na daina sakawa.

Awon da na tsaya a kai bayan gwaje-gwaje: man koko giram 100, garin koko marar sukari giram 90, sukari giram 110, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Ki auna da sikeli, kofi yana yaudara a wannan aikin.

Bari in tsaya a kan sukari, don a nan mutane da yawa suke karaya. Sukari ba ya narkewa a cikin mai. Ko wuni za ki yi kina juyawa, yadda kika zuba shi haka za ki same shi a harshe, kamar yashi. Abin da nake yi, ina niƙa shi a busasshiyar bilenda har ya zama gari, in haɗa da garin kokon in sake niƙawa, sannan in tankaɗe sau biyu da rariya mai laushi. Sukarin aisin na kanti ma yana yi, sai dai galibi akwai ɗan sitaci a ciki, ni ina jin gari-garinsa a baki. Duk da haka kada ki sa rai za ki samu santsin na kamfani. Su injinansu suna murƙushe ƙwayar har ta koma wajen maikiron 20, ƙanƙantar da harshe ba ya iya bambancewa, sannan a yi ta murza haɗin na sa'o'i masu yawa da wata na'ura da Rodolphe Lindt ya ƙirƙiro a Suwizalan a 1879. Mu a gida ba mu da wannan. Amma fa a cikin kukis, inda ake taunawa tare da fulawa da bota, har yau babu wanda ya taɓa ce mini ya ji tsaki-tsaki.

Ki yanka man kokon ƙanana, ki sa a kwano, ki ɗora a kan tukunyar ruwan zafi wadda kika riga kika sauke daga wuta, gindin kwanon kada ya taɓa ruwan. Idan ya narke, ma'aunin zafi ya nuna 45 zuwa 50, ki riƙa zuba garin kaɗan-kaɗan kina juyawa. Zai yi kauri fiye da yadda kika zata. Kada ki ƙara mai. Wannan kaurin shi ne sirrin, don ƙwayoyin kanti ma an rage musu man koko ne da gangan, shi ya sa ko sun yi laushi a obin suke riƙe siffarsu ba sa malalewa.

Daga nan sai saita zafin. Man koko yana iya daskarewa a fasali shida, ɗaya ne kacal yake ba da sheƙi da ƙarar ƙas idan an karya. Don ki same shi, ki ci gaba da juyawa har haɗin ya huce zuwa 27 ko 28, sannan ki ɗan mayar da shi kan ɗumi ya hau 31 zuwa 32, kada ya wuce. Mai madara a 30 yake tsayawa. Ki lakata a bakin wuƙa ki ajiye. Idan cikin minti biyar ya kama ba ya manne wa yatsa, kin dace. Gaskiyar magana, idan yau za ki yi su gobe ki gasa, ba dole ba ne ki wahalar da kanki, tunda zafin obin zai rushe saitin gaba ɗaya. Ina yinsa ne kawai idan zan ajiye su su daɗe, ko yara za su ci haka nan. Wanda ba a saita ba bayan kwana biyu yakan yi fari-fari kamar ya yi hunhuna. Ba lalacewa ya yi ba, man ne ya taso sama, ana ci.

Ɗigawar ita ce mai cin rai. Ki zuba a ledar kwalliyar kek, ki yanke bakin ɗan mitsitsi, ki shimfiɗa takardar gashi a faranti, ki matsa, ki saki, ki ɗaga hannu sama da sauri, shi ke fitar da ɗan tsinin nan. Layin farko zai fito a karkace, kada ki damu. Idan ya fara daskarewa a ledar ki naɗe ta da tawul mai ɗumi. Ranar da na gaji kuwa sai in zube shi duka a faranti, ya daskare in daddatsa da wuƙa. Babu abin kunya a nan, asalin abin ma haka yake: Ruth Wakefield, matar da ta fito da wannan kukis a masaukinta na Toll House a jihar Masacusets ta Amurka a ƙarshen shekarun 1930, sandar cakulan ta Nestlé take sassarawa, sai daga baya kamfanin ya fara sayar da su a ɗige.

Ki bar su su kama a wuri mai sanyi, in ɗakin da zafi minti goma a firij ya isa. Ki adana a roba mai murfi. Idan a firij kika ajiye, kada ki buɗe robar sai sanyinta ya fita, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kansu, sukarin ya jiƙe ya bar musu ƙuraje. Wajen gashi kuma su ne na ƙarshen shiga kwaɓi, sannan ki sa kwaɓin a firij na rabin awa kafin ya shiga obin. Idan kukis ɗin suka fito kada ki taɓa ƙwayoyin da zafinsu, a lokacin ruwa-ruwa suke, sai sun huce suke komawa daidai.